Man Gwiwar Liman Badamasi

A 'yan shekarun nan mutanen unguwa sun tsiri yabon Liman Badamasi da tsawon sujada. In ya kai goshi ƙasa sai ya daɗe bai ɗago ba, har na sahun baya su ƙare tasbihinsu su sake, su roƙa wa iyayensu gafara, su haɗa da kakanni. Ana fitowa daga masallaci ana laluben takalma sai ka ji ana cewa Malam kam kullum ƙara tsoron Allah yake yi. Shi kuwa in ya ji sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne, alhali kunya ce. Gwiwa ce take hana shi tashi. Yana can ƙasa yana lallashinta, yana neman ta inda za ta yarda ta ɗauke shi.

Ya daɗe yana jan sallah a wannan masallaci na Ɗanzomo. Tun yana ginin ƙasa da azara, in damina ta yi a tara tasa a tsakiyar sahu, har aka zo aka rushe aka sa bulo da kwano, shi ne a gaba. Yawancin waɗanda ke bayansa yanzu shi ya raɗa musu suna, shi ya ɗaura musu aure. Kuma shi da bakinsa ya sha karantar da ɗalibai a zaurensa cewa wanda ba ya iya tsayuwa da ruku'u da sujada ba zai ja masu iyawa sallah ba. Babin nan ya san shi kamar sunansa. A da in karatu ya kawo kansa da sauri yake wucewa, don bai taɓa zaton da shi ake ba.

To ga shi gwiwar dama ta daina lanƙwasuwa, sai dai ya miƙe ta gefe a zaman tahiya ya rufa mata babbar riga. Ta hagu ma ta fara koyon halin 'yar'uwarta. Likitan da ya gani a Gumel ya ɗauki hoton ƙafar, ya ɗaga ya nuna masa, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ya riƙa yin sallah a kujera. Da sauƙi ya faɗi maganar, kamar mai cewa a rage gishiri. Bai san cewa ranar da kujera ta shiga masallacin nan da sunan Liman, ranar limancinsa ya ƙare ba.

Da Safara'u tana raye da abin bai kai nan ba, haka yake gaya wa kansa. Matarsa ce, kuma ta san gwiwar nan tun tana da ƙarfinta. A zamanin da yake zuwa Gumel ɗaukar karatu, a ƙasa yake tafiya a ƙasa yake dawowa, gafaka a kafaɗa, yashi yana cinye ƙafa har idon sawu. A lokacin, babur sai gidan masu hali. Ya iso gida da yamma futu-futu, ita kuwa ta riga ta ajiye ɗan kasko a bakin murhu, man shanu yana narkewa a ciki. Ba kowane mai take yarda da shi ba. Wurin Bafillatana guda take aikawa ranar kasuwar Sule Tankarkar, ta soya shi da kanta da albasa har ƙamshi ya raba hankalin masu karatu a zaure, sannan ta ɗura a wata koriyar kwalba mai dogon wuya. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta jawo ƙafarsa, ta zuba man da ɗuminsa, ta shiga murzawa da tafin hannu tana mita.

Mitar ba ta ƙarewa. Ya kyautar da rigarsa ta sallah, ya bar akuya ta cinye danga, ya fita bai karya ba. Duk tana yi babban yatsanta yana zagaya ƙoƙon gwiwar. In ya ce wash, ta ce ai mai ne ya ƙare, gwiwa da injin niƙa duk ɗaya ne, in mai ya ƙare sai a ƙara. Kafin ta kai ƙarshen laifuffukansa ciwon ya sake shi. Haka suka yi shekara da shekaru, har furfura ta same su a kan tabarmar.

Bayan rasuwarta ya ci gaba da shafawa da kansa. Kwalbar ce dai, man ma daga rugar nan yake fitowa, 'yar Bafillatanar ce ta gaji kawowa. Amma ko ya ƙarar da rabin kwalba, gwiwa tana nan yadda take. Sai ya yanke hukunci cewa man zamani ne ya lalace, tunda shanun yanzu leda suke ci.

Rakiyya, ƙanwarsa, wadda ta dawo gidan daga Gagarawa bayan ta fita takabar mijinta, ita ma da nata ilimin. Ta ce in mai ya ƙi shiga ta waje, a shigar da shi ta ciki. Ta sa shi gaba da ɓargo da kitse, tuwo kuwa sai ya yi iyo a man shanu kafin ya iso gabansa. Liman bai yi gardama ba, don maganin ba shi da ɗaci. Ba a jima ba kumatu suka fito, wuyan riga ya matse, mutane suna ta cewa Malam jiki ya yi kyau. Gwiwar ce kaɗai ba ta yarda jiki ya yi kyau ba.

Abin da ya rage masa na sa rai shi ne autarsa, Halimatussa'adiya. Sunan mahaifiyarsu shi da Rakiyya ta ci, shi ya sa kowa Sadiya yake ce mata, shi kuwa Uwata. Tana jami'a a Kano tana digiri na biyu. Rannan a waya ya tambaye ta wai me take ta karantawa ne haka ba ya ƙarewa. Ta ce bincike take yi a kan maiƙon da ke jikin guringuntsin gaɓa, yadda yake sa shi santsi da yadda yake taimaka masa ya jure nauyi. Ta yi bayani mai tsawo. A cikin duk bayanin abu biyu Liman ya tsinta, mai da gwiwa. Ya ajiye wayar zuciyarsa fes. Ashe maganar Safara'u ce ta kai har jami'a. Ashe 'yarta ce za ta gano ainihin man, ta zo masa da shi a kwalba.

Daga ranar ya yi wa kansa alkawari zai ci gaba da cijewa har Sadiya ta zo. In ta zo da magani, alhamdulillahi. In babu, ya san abin da babin ya ce.

Wata Alhamis a ƙarshen damina, gero ya fara nuna, sai ga ta bayan la'asar a bayan ɗan acaɓa, rungume da wata ƙatuwar kula shuɗiya. Daga kasuwar Maigatari take. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ga ta rame, ya kuma ga goshin uwarta sak. Ko ruwa ba ta gama sha ba Rakiyya ta jero mata gidajen da aka yi rasuwa tun zuwanta na ƙarshe, kuma kowa ya san ba a kwana da irin wannan gaisuwa. Sadiya ta ja kular zuwa inuwar rumbu.

"Gwaggo, a bar mini wannan a nan," ta ce. "Gwiwoyi ne."

Ta gyara mayafi ta fita.

Rakiyya ba ta taɓa iya zama wuri ɗaya da rufaffen abu ba. Tana buɗewa ta ga gwiwoyin shanu jere a cikin ƙanƙara, kowace a ledarta da ɗan rubutu a jiki. Ta ɗaga ɗaya ta nuna wa yayanta, idonta har ya kawo ruwa. Ta ce ya ga abin da ake kira 'ya, ta je har Maigatari ta zaɓo wa ubanta magani, gwiwa domin gwiwa. Liman ya ɗan ji wani iri, don shi kwalba ya sa rai, amma ya ce a ransa ai masu karatu sun san abin da suke yi. Wataƙila man yana ciki, sai an dafa yake fitowa.

Abin da bai yi wa Rakiyya ba shi ne gyaran. Ta tsaga guda da wuƙa, wani yauƙi ya biyo hannunta, ta yamutsa fuska. Ta ce 'yan boko ke nan, a sayo abu mai kyau a kasa wanke shi. Ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta jefa kanwa, ta ɗauko soso. Liman yana kishingiɗe a gindin darbejiya yana kallo, har da cewa a wanke da kyau tunda magani ne. Ta kuwa wanke. Ta rarraba gaɓoɓin, ta cuɗe kan kowane ƙashi har sai yatsa ya yi ƙara a kansa, yadda take yi wa kwanon da aka ci miyar mai.

Ta kai wajen rabi Sadiya ta yi sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ledojin da ke zube a ƙasa, ta dubi roba cike da ruwan kanwa, maiƙo yana yawo a samansa. Ba ta ɗaga murya ba. Wannan ma halin uwarta ne, in abu ya kai mata iya wuya sai muryarta ta yi ƙasa.

"Gwaggo, abin da kika wanke ɗin nan shi na je nema."

Rakiyya ta ce ai ga su nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Sadiya ta nuna saman ruwan, ta ce ga shi can.

Ashe tun sassafe take tsaye a kan mahautan Maigatari tana zaɓe. Wasu gwiwoyin na shanun da suka tako a ƙasa ne daga wajen Damagaram, busassu, duk jijiya. Wasu kuma na shanun turke ne da aka ɗaure a gida aka ƙosar da dusa da ƙuli. So take gobe ta kai su Kano da sanyinsu, yadda Allah ya yi su, ta gwada na wa ya fi jure nauyi. Rakiyya ta saurara baki a taɓe. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin inda aka yi karatun ƙazanta ba. Ta kwashe wankakkun ta nufi murhu, tana cewa ita kam ba za ta zubar da abincin Allah ba.

Sadiya ta durƙusa ta gyara ragowar a cikin ƙanƙara, ta rufe kular. Ranta a ɓace yake. Tana cikin haka ta ji muryar ubanta daga gindin darbejiya.

"Uwata, wato ba magani ba ne."

Ta juyo. Sai a lokacin ta dube shi da kyau, ta ga ƙafar da ya miƙe gefe, ta ga yadda ya ja riga ya rufe ta. Ta gane abin da ya daɗe yana jira, ta kuma gane abin da ke bayan jiran, don ita ma a bayan ƙofar zauren nan ta girma tana jin karatu. Ɓacin ran ya bar ta, tausayi ya maye gurbinsa. Ta sake buɗe kular ta ciro ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, duk da ta san kowace guda da ta taɓa ta fita daga aikinta ke nan. Ta zauna a gefen tabarmar, ta sa wuƙa ta buɗe gaɓar, ta miƙa masa ƙasusuwan biyu.

Duk ragunan layyar da ya yanka a rayuwarsa, bai taɓa tsayawa ya dubi cikin gwiwa ba. Kan ƙashin fari ne tas, yana sheƙi kamar cikin tangaram. Ta ce ya haɗa su ya goga. Ya goga, suka sulɓe har ɗaya ya kusa kufce masa. Ta ce ya danna da ƙarfi. Ya danna iya ƙarfinsa, santsin bai ragu ba, ko 'yar ƙara babu.

Sannan ta je ta karɓo ɗaya daga cikin na Rakiyya kafin ya shiga tukunya. A ido ma ya fi tsabta. Amma yana haɗawa ya goga sai ya ji ya cije, ya saki, ya sake cijewa, da wata 'yar ƙara siririya. Ya san ƙarar nan. Ita yake ji a cikin ƙafarsa duk sanda zai ɗago daga sujada, masallaci ya yi tsit.

Sadiya ta yi masa bayani a hankali, wannan karon kuma ya saurara duka. Ta ce farin nan shi ne guringuntsi, yawancinsa ruwa ne, shi ya sa in an taka yake ɗan lotsawa ya dawo. A fuskarsa akwai wani maiƙo siriri, bawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Jiki ne yake yin sa da kansa, yana manne da wurin yana riƙe ruwa, shi ne santsin da ya ji. A cikin naman guringuntsin ma akwai ɗan maiƙo. Aikinsu a jami'a shi ne su cire shi, su sa a na'ura ta danna ta goga, su ga abin da ya canza. In santsin ya tafi, kowane taku sai ya ɗan kankare wurin, har a wayi gari ƙashi yana gugar ƙashi. In kuma kitse ya yi wa jiki yawa, shi ma akwai alamar yana raunana wurin, wannan ne suke kan bi.

Liman ya yi ta juya ƙashin. Can sai ya ɗaga murya ya ce Rakiyya ta miƙo masa koriyar kwalba.

Ya tsiyayo man a tafin hannu, ya shafa a kan wankakken ƙashin, ya haɗa ya goga. Ya sulɓe. Ya dubi 'yarsa da irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kawo tambaya mai sauƙi, ya ce to ga shi nan, ai maganar uwarta ke nan.

"Danna, Baba," ta ce. "Kamar nauyinka ne a kai."

Ya danna. Man ya tsattsafo ta gefe, ya gangaro masa a yatsu. Ya goga, ya sake gogawa, ƙashin ya koma cijewa. Ta ce masa wannan ma ƙashi ne a fili. A jikinsa akwai fata, akwai tsoka, gaɓar kanta a cikin rufaffiyar jaka take, abin da aka shafa a fata ba ya kaiwa can. Wanda aka ci kuwa ciki yake tafiya ya zauna, gwiwar ce kuma za ta ɗauki kayan. Daga bakin murhu aka ji murfin tukunya ya bugu da ƙarfin da ya wuce buƙata.

"Wato duk shekarun nan bai taɓa shiga ba?"

"Bai shiga ba, Baba."

"Amma ina jin sauƙi, Uwata. Allah ne shaidata, in ta gama tashi nake yi kamar ba ni na dawo daga Gumel ba."

"Na sani. Ai ina gefen tabarmar." Ta sunkuyar da kai. "Ɗumi da murza suna sakin jijiya. Ita kuma ba ta gajiya da murzawa."

Ya dubi kwalbar. Duk tsawon lokacin nan yana zargin shanun mutane da cin leda, yana zargin 'yar Bafillatana da gauraya mai, ashe man yana nan yadda yake. Hannun ne babu. Kewar Safara'u ta taso masa sabuwa fil, har ta fi ta ranar da aka ɗauke ta, don a ranar yana ta karɓar gaisuwa bai samu sukunin jin ta ba. Ya goge yatsunsa a gefen tabarma a hankali.

Ya tambaya ko abin da ya cinye yana dawowa. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ba ya dawowa, sai dai a tare ragowar. A rage kitse jiki ya sauka, a riƙa ɗan tattaki, a koma wurin likita, zafin zai ragu sosai. Amma durƙuso irin na da, ta ce, sai ta kasa ƙarasawa. Ya ce ya gane.

A daidai nan Ɗantsoho ladan ya buɗe murya da kiran magariba. Sa'ansa ne, tare suka tsufa a masallacin, muryar ta dushe amma har yau ba ta makara. Liman ya wanke maiƙon hannunsa da sabulu, ya yi alwala. Ya dafa darbejiya ya miƙe. Sai ya ce wa Rakiyya ta fito masa da farar kujerar robar nan da ake ajiye wa baƙi. Rakiyya ta fito da ita. Sadiya ta ce za ta kai masa har ƙofar gida, ya ce a'a, da kansa zai ɗauka.

Tsakanin gidan da masallacin tafiya ce da a da yake yi kafin ladan ya kai ƙarshen kira. Yau ya yi ta yana dogara kujerar a gabansa kamar sanda. Masu shigowa daga gona da fartanya a kafaɗa suna gaishe shi, suna kallon kujerar, suna kawar da ido.

An yi sahu ana jiransa. Bai nufi gaba ba. Ya ratsa zuwa ƙarshen sahun farko, jikin bango, ya ajiye kujerar ya daidaita ƙafafunta da na mutane. Sannan ya dubi na'ibinsa, Malam Abdulfatah, wanda ya tashi a zaurensa, yanzu har gemunsa ya fara furfura.

"Shiga gaba."

Abdulfatah ya ja baya, ya ce Malam ya yi masa rai, ina shi ina wucewa gabansa.

"Ni na karantar da kai babin nan," in ji Liman. "Kada ka sa in maimaita shi a gaban mutane."

Ɗantsoho ya daɗe yana kallon abokinsa kafin ya ta da iƙama. Abdulfatah ya shiga gaba ya yi kabbara.

Liman Badamasi ya manta yadda masallacin yake daga cikin sahu. Kafaɗar mutum tana gugar tasa, yana jin numfashin na kusa da shi da ƙamshin ganyen wake a rigarsa. Da karatu ya fara sai ya ji kamar muryarsa ce ta ƙuruciya take dawo masa daga gaba. Inda yake tsayawa nan Abdulfatah yake tsayawa, inda yake ja nan yake ja, har ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya shiga sura. Bai taɓa sanin yana yin wannan gyaran murya ba sai yau.

Aka yi ruku'u, ya yi daga zaune. Aka tafi sujada, masallacin duka ya yi ƙasa, aka bar shi shi kaɗai a sama, ya sunkuya iya sunkuyawarsa, goshinsa bai taɓa komai ba. Wannan ya yi masa ciwo fiye da gwiwar. Ya yi tasbihinsa, ya jira kabbara. Shiru. Ya sake tasbihin, ya roƙa wa iyayensa gafara, ya roƙa wa Safara'u. Har yanzu shiru. Sai ya gane. Abdulfatah, lafiyayye, gwiwarsa garau, yana can ƙasa yana tsawaita sujada, don haka ya ga Malam yana yi, ya ɗauka shi ma cikin karatun ne. Dariya da kuka suka taso wa tsohon tare, ya danne dariyar saboda sallah, hawayen kuwa ya bar su suka sauka a kan rigarsa.

Bayan an idar bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce daga yau ga limaminsu, Allah ya taya shi riƙo. Ya bar kujerar a wurinta, tunda a nan za ta zauna, Ɗantsoho ya ara masa sandarsa ya taka zuwa gida.

Ƙamshin farfesu ne ya tare shi tun daga zaure. Rakiyya ta zubo masa a ƙaramin kwano, ba a wanda ta saba ba, ta dangwarar a gabansa tana cewa ga shi nan, an ce kada a ba shi da yawa, ita yanzu ba ta da ta cewa a gidan nan. Idonta ja wur, ta ce hayaƙi ne. Ya zauna a tabarmar, ya miƙe ƙafar, wannan karon bai rufe ta ba.

Sai ya hangi ɗan kasko a bakin murhu. Sadiya ta ɗauko shi da bakin zani, ta zo ta zauna a inda uwarta take zama. Ta naɗe masa ƙafar wando, ta gwada ɗumin man a bayan hannunta, ta zuba a kan gwiwar.

"Ba ke kika ce ba ya shiga ba?"

"Ba ya shiga, Baba."

Ta ɗora tafin hannunta ta fara murzawa, babban yatsanta yana zagaya ƙoƙon gwiwar. Ta ce kuma ta ji labarin ya kyautar da rigar da ta ɗinka masa da sallah.